Ranar da Teku Ya Janye: Abin da Na Koyo a Gaɓar Tsibirin Zanzibar

Gabatarwa

A shagon wani mai aski da ke kusa da ƙofar makarantarmu akwai wata tsohuwar kalanda da aka ƙi cirewa daga bango saboda kyan hotonta. Hoton bakin teku ne: farin rairayi fat, bishiyar kwakwa ta sunkuyo, ruwa shuɗi garai-garai, kuma babu ko mutum ɗaya a wurin. A ƙasan hoton an rubuta da Turanci wai wannan ita ce aljannar duniya, tsibirin Zanzibar. Shekara uku ina aski a ƙarƙashin wannan hoto, ban taɓa kawowa a raina zan taka wurin da ƙafata ba. Sai ga shi a watan Agusta na 2023, lokacin dogon hutu, yayata da ke aiki a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya ta aiko mini da kuɗin jirgi, ta ce in zo mu yi mako biyu. Kwana shida daga ciki a Zanzibar muka yi su.

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda tsibirin yake, da dalilin da ya sa rairayinsa fari ne, da abin da ke sa teku ya tafi ya dawo, da mutanen da ke cin abinci a wannan gaɓa waɗanda hoton kalanda bai nuna ba. Sa'annan, tun da mu ɗaliban harshe ne, zan taɓo abin da kunnena ya jiyo daga harshen Suwahili.

Ina ne Zanzibar?

Zanzibar tarin tsibirai ne a cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya a gabashin Afirka. Manyan guda biyu ne: Unguja, wanda baƙi suka fi sani da sunan Zanzibar, da kuma Pemba a arewa da shi. Tsawon Unguja ya kai kimanin kilomita 85, faɗinsa kuma kimanin kilomita 30. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran duka sun kusa miliyan 1.9, kuma mafi yawansu Musulmi ne.

Zanzibar ta sami 'yancin kai daga Ingila a watan Disamba na 1963. Wata guda bayan haka, ranar 12 ga Janairu 1964, aka yi juyin juya halin da ya kawar da sarautar sarakuna 'yan asalin Oman. Ranar 26 ga Afrilu 1964 ta haɗe da Tanganyika, aka sami Tanzaniya. Duk da haka tana da nata shugaban da tata majalisar. Shi ya sa ko daga Darussalam ka fito, sai jami'an shige da fice sun duba fasfonka idan ka sauka.

Mu ta jirgin ruwa muka bi, tafiyar kimanin awa biyu. Jirgin yana ajiye mutum ne a tsohon gari, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe. Gari ne na benaye da aka gina da dutsen teku, mai lunguna matsattsu waɗanda mota ba ta shiga, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2000. Mun kwana ɗaya a nan, washegari muka hau ƙaramar motar haya da suke kira daladala zuwa Paje, wani ƙauye a gaɓar gabas, tafiyar kimanin kilomita 50.

Na zo ban tarar da teku ba

Mun isa Paje wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ko jakata ban buɗe ba na ruga bayan masaukin don in ga abin da ya kawo ni. Rairayi dai ga shi nan, fari kamar yadda hoto ya nuna. Kwakwa ma ga ta. Amma ruwa babu. Abin da na gani shi ne wani makeken fili mai danshi, da ƙananan kududdufai nan da can, da kwalekwale kwance a kan hakarkarinsu kamar an yar da su. Can nesa, inda ido ke ƙarewa, sai wani farin layin kumfa.

Raina ya ɓaci, na dawo na ce, "Yaya, an cuce mu. Kin biya kuɗin ɗaki na bakin teku, ga shi sai mutum ya yi tafiyar rabin awa kafin ya taɓa ruwa."

Dariya kawai ta yi. Wani dattijo da ke gyaran taru a gindin kwakwa ya tambaye ta abin da ke damuna, ta gaya masa. Shi ma ya yi dariya, ya ce mata ta faɗa wa yaron nan ya je ya ci abinci ya yi barci, teku zai zo ya same shi har bakin ƙofa kafin magariba. Haka kuwa aka yi. Bayan la'asar ruwa ya fara lallaɓowa, kafin ƙarfe biyar kwalekwalen nan duk sun miƙe suna rausaya, igiyar ruwa tana dukan katangar masaukin.

Ni da ke karatu a kudancin Nijeriya na sha zuwa bakin teku a Legas, saboda haka na ɗauka na san teku. Amma a Legas bambancin cikar ruwa da janyewarsa bai cika wuce mita ɗaya ba, gaɓar kuma tana da gangare, don haka mutum ba ya lura sosai. A Zanzibar kuwa bambancin yakan kusanci mita 4 a wasu ranaku, ga shi gaɓar gabas shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti. Idan ruwa ya sauka, sai ya ja da baya fiye da kilomita guda.

Me ke jan teku?

Amsar ita ce wata. Wata yana da ƙarfin ja, irin wanda ke sa abin da aka jefa sama ya faɗo ƙasa, kuma wannan ƙarfi yana isowa duniyarmu. Yakan sa ruwan teku ya ɗan kumbura a wurare biyu: ɓangaren duniya da ke fuskantar wata, da ɓangaren da ke ba shi baya. Da yake duniya tana juyawa sau ɗaya a kwana guda, gaɓa irin ta Zanzibar takan ratsa ta cikin waɗannan kumburi biyu. Wannan ne ya sa ruwa ke cika sau biyu, ya janye sau biyu, tsakanin kowace cika da janyewa kimanin awa shida da 'yan mintoci. Bugu da ƙari, shi ma wata tafiya yake yi, saboda haka kullum lokacin cika yakan yi jinkiri da kimanin minti 50. Idan yau ruwa ya janye da ƙarfe goma sha ɗaya, gobe sai wajen sha biyu saura minti goma.

Rana ma tana ja, sai dai nata bai kai rabin na wata ba saboda nisa. Idan rana da wata suka yi layi ɗaya da duniya, wato lokacin tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, sai ƙarfinsu ya haɗu, ruwa ya cika maƙil, ya kuma janye can nesa. Masu jin Suwahili suna kiran wannan lokaci bamvua. Idan kuwa wata ya kwana bakwai, ko ashirin da biyu, sai ƙarfin biyun ya saɓa, ruwa ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan. Wannan suna ce masa maji mafu, ma'ana mataccen ruwa. Cika ita ce maji kujaa, janyewa kuma maji kupwa. Mu mun iso ne a kwanakin bamvua, shi ya sa na tarar da fili.

Duk masunci a wannan gaɓa ya san kwanan wata ba tare da ya duba kalanda ba, domin da shi yake sanin lokacin fita da na dawowa. Dattijon nan mai taru ya lissafa wa Yaya lokutan ruwa na kwana uku masu zuwa da yatsunsa, kuma bai kuskure ba.

Dalilin farin rairayi da shuɗin ruwa

Farin layin kumfar da na hango a nesa shi ne asirin kyan wurin. A nan ne katangar murjani take. Mu dai murjani mun san shi a matsayin jan dutsen ado na wuyan mata, amma asalinsa wasu ƙananan halittu ne na cikin teku, masu gina wa kansu gida da wani sinadari irin na alli da ɓawon ƙwai. Idan suka mutu, na baya su yi gini a kan nasu, har a shekaru dubbai abin ya zama doguwar katanga a ƙarƙashin ruwa. Masu gina irin wannan katanga ba sa rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, mai tsabta, wanda hasken rana ke ratsawa.

Wannan katanga aiki biyu take yi. Na farko, ita ce ke karya ƙarfin manyan igiyoyin ruwa, sai ya zama tsakaninta da gaɓa ruwa ne lafiyayye marar zurfi. Na biyu, ita ce mahaifar rairayin. Igiyar ruwa tana gugar murjani da ɓawon dodon koɗi na teku da wasu tsirrai masu tauri, tana niƙa su. Akwai kuma wani kifi mai baki kamar na aku, da Suwahili pono, wanda ke gaigayar murjani don ya ci gansakukar da ke jiki, ya kasayar da garin dutsen. Wani kaso na rairayin da baƙi ke kwanciya a kai ta cikin wannan kifi ya biyo. Da yake fari ne, yana mayar da hasken rana, shi ya sa ko da tsakar rana ba ya ƙona tafin ƙafa kamar yashin da muka saba da shi. Shi kuma ruwa marar zurfi a kan farar ƙasa, launin shuɗi mai haske yake bayarwa.

A Legas babu irin wannan katanga, don haka igiyar Tekun Atlantika kai tsaye take dukan gaɓa, yashin kuma na duwatsun da koguna suka niƙo ne daga tudu. Bambancin ke nan.

Waɗanda kalanda ba ta nuna ba

Washegari da ruwa ya fara janyewa na sa takalmin roba na bi bayansa. Filin da jiya na raina ashe gona ce. Mata ne da yawa, sanye da zane da mayafi, wasu a tsugune wasu zaune dirshan cikin ruwan da bai wuce ƙauri ba. An kakkafa turaku a jere, an ɗaura igiyoyi daga wannan zuwa wancan, a jikin igiyoyin kuma an ɗaɗɗaure wata ciyawar teku mai kauri da santsi wadda suke kira mwani.

An fara noman wannan ciyawa don sayarwa a 1989, a nan Paje da maƙwabciyarta Jambiani, da irin da aka kawo daga ƙasar Filifin. Yau sama da mutum 20,000 ke wannan sana'a a Unguja da Pemba, kuma mafi yawansu mata ne. Akan ɗaura 'yan ƙananan rassa, bayan kimanin mako shida a girbe, a shanya ta bushe, a sayar wa kamfanonin da ke fitar da ita waje. A can ake tatsar wani sinadari mai sa abu ya yi kauri, wanda ake zubawa a man goge baki da askirim da wasu magunguna. Mai yiwuwa ne, ya kai mai karatu, da gumin waɗannan mata ka goge bakinka yau da safe.

Na gai da wata dattijuwa da gaisuwar da Yaya ta koya mini ta manya, na ce, "Shikamoo, Mama." Ta ɗago ta ce, "Marahaba." Da taimakon Yaya muka yi hira tana aikinta. Ta ce da kuɗin mwani ta yi wa ɗakinta rufin kwano, ta sa 'ya'yanta a makaranta. Amma ta ce abin ya ja baya. Iri biyu suke shukawa, kuma wanda ya fi tsada ba ya jure zafi. Ruwan gaɓa ya ƙara ɗumi a 'yan shekarun nan, sai ciyawar ta yi fari ta ruɓe. A ruwa mai zurfi ne take yin kyau yanzu, alhali yawancin matan ba su iya iyo ba, ba su da kwalekwale. Ta nuna mini idanunta da suka yi ja saboda ƙyallin rana da gishiri. Da na tambayi farashi, na lissafa, sai na ga kuɗin kilo guda na busasshiyar ciyawa ba zai sayi kwalbar lemo ɗaya ba a manyan otel-otel da ke bayanmu.

Ba su kaɗai ne a filin ba. Akwai masu farautar pweza, wata halitta mai hannuwa takwas da ke ɓuya a ramukan dutse, suna zaƙulo ta da tsinken ƙarfe. Akwai masu binne ɓawon kwakwa a cikin jiƙaƙƙen rairayi na tsawon watanni don ya yi laushi a murza igiya da shi. Akwai yara masu tsintar koɗi. Da ruwa ya fara dawowa sai kowa ya ɗauki buhunsa a ka ya nufi tudu, masunta kuma suka ture ngalawa, wato kwalekwalen da ake fafewa daga gungumen mangwaro a sa masa fukafukai biyu na katako don kada ya kife. Sai a lokacin ne baƙi suka fito daga otel da kayan wanka. Kusan kamar an raba musu yini: janyewa ta 'yan gari, cika ta baƙi.

Baƙi suna kawo kuɗi, wannan gaskiya ne. A 2023 kaɗai masu yawon buɗe ido sama da 600,000 suka shiga Zanzibar, kuma dubban matasa na samun aiki a otel da tuƙi da jagoranci. Amma akwai abin da ake biya. Katangun otel sun cinye wasu hanyoyin da 'yan ƙauye ke bi zuwa gaɓa da wuraren da suke shanya. Ruwan sha kuma ƙalilan ne a gabashin tsibirin, domin ƙasar dutsen murjani ce mai zurarar da ruwa, kuma idan aka matsa wa rijiya da zuƙa sai ruwan gishiri ya shigo ta ƙasa. Na ga mata da jarkoki a layin famfo, bayan katanga kuma ga tafkin wanka cike da ruwa.

Iska, kanumfari da bayi

Abin da wata yake yi wa yini, shi iska take yi wa shekara. Daga Disamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, sunanta kaskazi. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba sai ta juya ta taso daga kudu, sunanta kusi. Tun fiye da shekara dubu, jiragen katako masu babban ƙyalle mai kusurwa uku, waɗanda ake kira jahazi, suke biyo kaskazi daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya, su jira kusi ta mayar da su gida. Wannan jira na watanni shi ya haifar da auratayya da cuɗanyar harsuna. A masallacin Kizimkazi da ke kudancin Unguja akwai rubutu a bango mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107.

A wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa Zanzibar, ya ƙarfafa noman kanumfari har tsibiran suka zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Bayi ne suka yi wannan noma. Ana kamo su daga cikin nahiyar, har daga yankin tafkin Tanganyika da na Malawi, a sayar da su a kasuwar tsohon gari. An rufe kasuwar a 1873 zamanin Sarki Barghash, bisa matsin lambar Ingila, aka gina cocin Angilika a wurin. A ranarmu ta ƙarshe mun shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a harabar. Rufinsu ya yi ƙasa sosai, iska kuma ba ta shiga sai ta 'yan ƙananan tagogi. Duk wanda zai kira wurin nan aljanna, ya kamata ya fara leƙa waɗannan ɗakuna.

Abin da kunne ya jiyo

Kalmar Suwahili kanta daga Larabci take, sawahil, jam'in sahil, wato gaɓa. Daga wannan tushe ne aka sami Sahel, sunan yankin da ƙasar Hausa ta taɓa, domin Larabawa sun ɗauke shi a matsayin gaɓar hamada. Karin harshen tsohon garin Zanzibar, Kiunguja, shi aka zaɓa a 1928 ya zama tushen daidaitacciyar Suwahili, kamar yadda Kananci ya zama tushen daidaitacciyar Hausa. Su ma sun daɗe suna rubutu da ajami kafin boko.

Hausa da Suwahili ba dangi ba ne. Hausa 'yar gidan Cadi ce, Suwahili kuwa 'yar gidan Bantu. Suwahili ba ta da karin sauti, ba ta raba jinsin namiji da mace a nahawu. Amma duka biyun sun yi aro daga Larabci, saboda haka a kasuwar Darajani na riƙa tsintar kalmomi kamar ina gida: dunia, sabuni, hatari, faida, asubuhi, ishirini, hamsini. Kanumfarinmu shi ne karafuu nasu.

Abin lura shi ne yadda kowanne ya yi aron. Hausa ta sha haɗiye harafin al na Larabci tare da kalmar, Suwahili kuwa galibi takan yar da shi. Alal misali:

alƙalami da kalamu
alƙali da kadhi
labari da habari
lokaci da wakati
littafi da kitabu

Ta ƙarshen nan ta fi ba ni sha'awa. A Suwahili akwai rukunin sunaye masu farawa da ki a tilo, su koma vi a jam'i, kamar kiti, kujera, da viti, kujeru. Da kitab ta shigo, sai suka ɗauki ki ɗin farkonta a matsayin nasu, suka yi mata jam'i vitabu. Mu kuma muka sa ta a namu ma'aunin muka ce littattafai.

Akwai kuma kalmomin da ke yaudarar Bahaushe. Gari a wurinsu mota ce. Kaka shi ne yaya namiji. Kuku kaza ce. Kasa kunkurun teku ne, saboda haka da aka ce za a kai mu ganin kasa a Nungwi, can ƙuryar arewa, sai da gabana ya faɗi. Amma wadda ta fi kama da tamu a ma'ana ita ce pole. Ana faɗa wa marar lafiya, da wanda ya yi tuntuɓe, da wanda ya gaji da aiki, daidai da sannu. Idan kuma aka maimaita ta, polepole, sai ta zama sannu-sannu.

Lissafin lokaci ma ya kusa sa mu asara. Mai kwalekwale ya ce mu zo saa mbili, wato awa biyu, na ɗauka ƙarfe biyu na rana yake nufi. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Da yake tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, rana takan fito wajen ƙarfe shida duk shekara, don haka ƙarfe bakwai na safe shi ne awa ɗaya, ƙarfe takwas awa biyu. Yaya ce ta cece mu.

Mai karatu zai lura cewa a wannan maƙala na yi ta kewaye-kewaye wajen fassara abubuwan teku, inda Suwahili ke da kalma guda. Ba abin kunya ba ne. Bahaushe bai zauna a bakin teku ba, kamar yadda mutumin Paje ba shi da kalmar hunturu. Amma yau Hausawa na zaune a Legas da Fatakwal da Kalaba, gidajen rediyo kuma kullum suna fassara labaran teku da sauyin yanayi. Ga aiki nan ga mai neman batun kundin digiri.

Shawara ga mai niyyar zuwa

Na farko, ka nemi biza da wuri tun kana gida, ka riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin Zanzibar ta shigo da inshorar dole ta dala 44 ga baƙi, sai a sa ta cikin lissafi. Na biyu, ka zaɓi lokaci. Daga Yuni zuwa Oktoba akwai sanyi-sanyi da ƙarancin ruwan sama, daga Maris zuwa Mayu kuwa babbar damina ce da suke kira masika. Na uku, idan wanka kake so a kowane lokaci, nufi Nungwi ko Kendwa a arewa, inda gaɓa ke da zurfi. Idan kuwa rayuwar mutane kake son gani, nufi gabas. Na huɗu, kada ka shiga filin janyewa ba takalmi, domin akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, kuma ka tambayi lokacin dawowar ruwa kafin ka yi nisa. Kada ka taka igiyoyin mwani, gonar wani ce. Na biyar, kayan wanka na bakin ruwa ne kawai. A cikin gari da ƙauye mutane suna son a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma ba a ɗaukar mace hoto sai da izininta. Na ƙarshe, ka koyi gaisuwa. Hodi kafin ka shiga gida, asante idan an yi maka alheri.

Kammalawa

Zanzibar tana da kyau, kuma hoton kalanda bai yi ƙarya ba game da rairayi da launin ruwa. Abin da ya yi shi ne ya jira har ruwa ya cika, matan mwani suka tafi gida, sa'annan aka ɗauka. Na dawo da kanumfari da kirfa na tsaraba, da ɗan littafina cike da kalmomi sama da ɗari biyu. Da na koma aski na gaya wa mai shagon cewa na je wurin da ke cikin hotonsa. Ya tambaye ni ko da gaske haka yake. Na ce masa haka yake na 'yan awoyi a kowace rana, sauran lokacin kuma gona ce.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk inda Allah ya kai ku, ko Badagiri ce ko Zanzibar, ku tafi da littafi da alƙalami, ku gai da mutanen wurin da harshensu, ku tambaye su sunan abin da kuka gani.